Babi na Shida: Tsatsa da Yadda Ake Hana Ta Cin Ƙarfe

Darasi na 1: Abin da ke kawo tsatsa

'Yan uwa, sannunku da ƙoƙari. Wannan babin kada ya ba kowa tsoro, domin abin da ke cikinsa kun san shi da ido tun kuna yara. Fartanyar da aka manta a gona har damina ta wuce, ƙyauren langa-langa da gindinsa ya ɓarke, durom ɗin mai karo, wato amalanken jaki, da ya fara yoyo a hanyar dawowa daga bakin kogi. Jan abin nan mai ɓarɓashi da ke ɓata hannu shi ne tsatsa. Yaranmu a nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan da Larabci suke karatu, saboda haka a littafinsu za ku ga an rubuta sada', ƙarfe kuma hadid. Ku riƙe kalmomin biyu don ranar da za ku zauna yi musu bita.

Duk ajin da na tambaya me ke kawo tsatsa, baki ɗaya ake amsa mini: ruwa. Rabin amsa ke nan. Ƙarfe ba ya tsatsa sai abu biyu sun haɗu a kansa, ruwa da iska. A cikin iskar ma ba duka ba, wani sashe ne da ake kira oksijin, shi ne wanda muke shaƙa mu rayu, kuma kusan kashi 21 ne cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu. A rubuce ga yadda yake:

ƙarfe + ruwa + oksijin → tsatsa

Alamar + tana nufin "a haɗa da". Kibiyar kuma tana nufin "sai a samu". Ku karanta layin da ƙarfi sau uku, yatsa na bin kalma.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Malam, ai ƙarfen da ya nutse a kogi ma yana tsatsa, ina iska a can?" Tambaya ce mai kyau, Baba. Akwai iska a narke cikin ruwa, ita kifi ke shaƙa. In kun ɗora tukunya a wuta, ƙananan ƙwayoyin da ke manne wa gefenta tun ruwan bai tafasa ba, iskar ce take fita. Ku riƙe wannan, darasi na gaba a kansa ya dogara.

Darasi na 2: Gwajin ƙusa huɗu

A tanadi ƙusa 4, kofin shayi na gilashi 3, kwalba 1 mai murfi, gishiri cokali 1, da man riɗi ko man gyaɗa kaɗan. Ƙusar ta zama baƙar ƙusa ta kafinta. Mai ƙyalli kamar azurfa an shafe ta da wani abu, ba za ta yi aikin ba. A goge kowace da takardar goge ƙarfe, wadda a kasuwa ake ce wa sanfara, har ta yi haske. A rubuta 1, 2, 3, 4 a 'yar takarda a manna a jikin kowane mazubi. Wanda hannunsa bai faɗa da lamba ba tukuna ya yi zane, sanda ɗaya, sanda biyu. Ba abin kunya ba ne.

Kofi na 1: ruwan randa, a jefa ƙusa, a bar shi a buɗe.

Kofi na 2: a nan za mu daɗe, don a nan kowa ke faɗuwa. A tafasa ruwa, tafasa ta gaske, ya yi ta ɓararraka kamar minti 10. Ɗumi bai isa ba. Dalilin tafasawar shi ne a kori iskar da ke cikin ruwan. A sa ƙusa a kofi, a zuba ruwan a hankali ta gefe har ya rufe ƙusar gaba ɗaya. Nan take, ruwan na da zafinsa, a zuba mai a kai, kaurin yatsa ɗaya. Man zai taso sama ya zama murfi, iska ba ta da hanyar komawa.

Bari in maimaita. A tafasa, a zuba, a rufe da mai nan take. Tafasa tana korar iska, mai yana hana ta dawowa. Wanda ya tafasa bai sa mai ba, kamar wanda ya kori awaki daga gona ne ya bar shingen a buɗe. Wanda ya sa mai a kan ruwan da bai tafasa ba, shi kuma ya rufe shinge ne awaki na ciki.

A ajin bara wata baiwar Allah ta kawo kofinta, ƙusa ta yi jawur a ƙarƙashin mai, tana cewa littafi ya yi ƙarya. Na ce, "Hajiya, yaushe kika tafasa ruwan?" Ta ce bayan isha. "Man fa?" Sai da safe, wai tana jiran ya huce kada kofi ya fashe. To kwana guda a buɗe, iska ta koma ta yi zamanta. Shi ya sa na ce kofin shayi, ya saba da ruwan zafi. Ba laifinki ba ne, Hajiya, kowa da irin wannan yake koyo. Ta sake, ya yi kyau.

Sai dai akwai waɗanda na faɗa musu sau biyar, su dawo da kofi babu mai, wai mai ya yi tsada. Cokali biyu ne fa! Wani kuma ya ɗauki kofin yana girgizawa don ya ga ƙusar da kyau. Haba jama'a. Girgizawa tana mayar da iska cikin ruwa. A ajiye shi a lungu, a hana yara taɓawa, kai ma babba ka hana kanka. In kan ƙusar ya leƙo saman ruwa, a sake daga farko. A tafasa, a zuba, a rufe da mai nan take. Na san kun gaji da jin wannan.

Kwalba ta 3: a shanya ta a rana ta bushe ƙarau, a sa ƙusa tare da 'yar jakar nan ta ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko robar magani, aikinta tsotse laima. A ɗaure murfi tam. A makaranta wani sinadari mai suna kalsiyum kuloraid suke sawa, aikinsu ɗaya.

Kofi na 4: ruwan randa da gishiri, a jefa ƙusa, a bar shi a buɗe.

Bayan kwana 7 a duba. Ta 1 ta yi tsatsa, don ga ruwa ga iska. Ta 2 tana nan fes, ruwa ne babu iska. Ta 3 ma fes, iska ce babu ruwa. Ta 4 a bisa al'ada ita ke riga saura yin ja, domin gishiri yana gaggauta tsatsa. Masu 'yan uwa a Bur Sudan sun san haka: iskar can ga laima ga gishirin Bahar Maliya, ƙofar ƙarfe ba ta daɗewa kamar tamu. In ta 2 ta yi tsatsa, kun san inda aka kuskure.

Darasi na 3: Shafe ƙarfe

Tunda sai ruwa da iska sun taɓa ƙarfe, maganin shi ne a shiga tsakaninsu. Fartanya, lauje da adda, in an gama girbin dawa da riɗi, a kankare lakar, a shanya, a shafa baƙin mai, a rataye a rumfa, kada a bar su a ƙasa. Sarkar keke da gatarin karo, giris ko mai, tunda suna juyawa fenti ba zai zauna ba.

Ƙofa da taga sai fenti, wanda masu shago ke kira buhiya. Amma a kankare tsohuwar tsatsa da sanfara tukuna, ƙarfen ya bushe, a fara da jan fentin ƙasa, sannan na ado. Tsatsa ba ta kama jikin ƙarfe, ɓarewa take yi, tana buɗe sabon wuri. Fentin da aka shafa a kanta tare za su zubo. Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris a Faransa, da aka gama a 1889, kusan duk shekara 7 ake sake mata fenti, balle ƙofar gidanka.

Darasi na 4: Rufe ƙarfe da wani ƙarfe

Kwanon rufi an tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya, wani irin ƙarfe da Turawa ke kira zinki, shi ya sa ake ce wa kwanon zinki. Sunan aikin a littafin yara jalfana. Tutiya ta fi ƙarfe saurin ciyuwa, ko an karce kwanon ita ake fara ci. Haka ake manna dunƙulen tutiya a jikin jiragen ruwa, in ya cinye a sa wani. Gwangwanin tumatir kuwa kuza aka shafa masa, ita in ta karce, ƙarfen ciki sai ya fi saurin lalacewa. Wannan bambancin yana fitowa a jarrabawa.

Darasi na 5: Ƙarfen da ba ya tsatsa

Cokali da wuƙa masu ƙyalli an gauraya ƙarfensu da wani irin ƙarfe mai suna kuromiyum, fiye da kashi 10 cikin 100. Tukunyar alminiyon ba ƙarfen tsatsa ba ce.

Aikin gida: a kwafi layin darasi na 1 sau 5. Ranar Asabar kowa ya zo da kofinsa na 2, a riƙo shi a hankali a hanya.