Yadda ake haɗa amfilifaya mai bawul ɗaya da sifikar da ta dace da ita

Amfilifaya mai bawul ɗaya (kwalbar gilashi mai ƙara ƙarfin sauti) a kowane ɓangare, hagu da dama, irin mai bawul 300B ko 2A3, ba don girgiza ɗaki ake sayenta ba. Baiwarta tana cikin sautin tsakiya: muryar mutum, jita, ƙaho. Wanda ya matsa mata lallai sai ta ba shi bes mai zurfi, yakan rasa bes ɗin, ya kuma dagula muryar.

Ka fara da sanin ƙarfinta. Bawul 300B, wanda kamfanin Western Electric ya fitar a 1938, wat 8 yake bayarwa ko kusa da haka. 2A3 kamar wat 3 da rabi ne, bawul mai lamba 45 kuwa wat 2. Da wannan lissafi za ka tunkari sifika, ka duba dB (ma'aunin ƙara) nawa take fitarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Duk lokacin da adadin ya ragu da dB 3, wutar da ake bukata ta ninka. Ƙarar da sifika mai dB 98 za ta yi da wat 1, mai dB 89 sai ta ci wat 8 kafin ta kamo ta. Ni dai ina ganin dB 95 zuwa sama ne wurin kwanciyar hankali.

Daga nan sai zanen om na sifikar, wato zanen da ke nuna turjiyarta ga wuta, kuma nan ne aka fi yin sakaci. An rubuta om 8 a bayanta, amma wannan ba tsayayyen adadi ba ne, yana hawa da sauka gwargwadon kaurin sauti ko sirantakarsa. Irin wannan amfilifaya ita kanta tana da turjiya mai yawa a mafitarta, sau da yawa om 2 zuwa 3, don haka sautin yakan bi wannan hawa da sauka. Inda om ya yi tsiri bes ya kumbura ya yi gunji, inda ya faɗi zuwa 3 sauti ya rame. Nemi sifikar da zanenta ya kusa miƙewa, wadda ba ta sauka ƙasa da om 6 sosai.

Taransifomar mafita ma sai an leƙa ta. Wutar DC, mai gudu ta hanya ɗaya, tana ratsa ta kullum, shi ya sa ake barin ɗan gibi a ƙarfenta don kada ya ƙoshi da maganaɗisu, gibin nan kuwa bes yake ragewa. A ƙara naɗin waya don a maido da bes ɗin, siririn sauti ya dushe. Taransifoma mai kyau tana da nauyi, tana da tsada.

To ina za a samo bes? A wufa, wato sifikar bes zalla, mai amfilifayar kanta. Ka saita ta ta ɗauki abin da ke ƙasa da Hz 60 zuwa 80 (Hz ma'aunin kaurin sauti ne ko sirantakarsa), ka fara da ƙararta a ƙasa. Sa waƙa mai murya ɗaya da jitar bes, wadda igiyarta mafi kauri ke kan Hz 41. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da zarar muryar namiji ta fara nauyi a ƙirji, ko kunnenka ya gano inda wufar take zaune, ka wuce gona da iri, sai ka rage.

In amfilifayar tana da mafitar om 4 da ta om 8, gwada duka biyun da kunne. Amma kashe ta kafin ka sauya waya, domin kunna amfilifayar bawul babu sifika a jone yana iya ƙona taransifomar.