Yadda ake riƙe ciwon suga shekara da shekaru a Jos

A fara da gwaji, a bar zato. Yawan tashi fitsari da dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama ba gaira ba dalili, ko ƙurjin da ya ƙi warkewa, duk alamu ne, amma mutane da yawa suna ɗauke da ciwon shekaru ba su ji komai ba. Ka kwana awa 8 ba ka ci komai ba sai ruwa, da safe ka je a ɗebi jininka, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ko asibitin ƙwararru na jiha, ko wani ɗakin gwaji da ka yarda da shi. In aka samu 126 mg/dL ko sama, aka sake wata rana ya maimaita, to ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 kana bakin gaɓa, kuma gyaran ci da rage ƙiba na iya ja da kai baya.

Ka lura da ma'aunin da aka rubuta. Wani wurin mmol/L ake amfani da shi, inda 7.0 daidai yake da 126, wato sai ka ninka da 18. Ka sayi ƙaramin littafi, kowane awo ka rubuta rana, lokaci, da abin da ka ci. Likita ya fi amfana da wannan littafin fiye da "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Duk wata 3 zuwa 6 ka yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a watanni 2 zuwa 3 da suka wuce. Ga yawancin manya ana son ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin ɗari.

Sai magani. Manyan nau'o'in ciwon biyu ne, na 1 da na 2. Mai nau'i na 2, wanda shi ne ya fi yawa, galibi da ƙwayar metformin ake fara masa. A sha shi tare da abinci, domin yakan murɗa ciki a farko kafin jiki ya saba. Inda aka fi faɗuwa shi ne mutum ya ga awo ya yi kyau ya ajiye ƙwaya, ko ya koma jiƙon ganye da wani ya rantse masa ya warkar da ƙanin babansa. Awon ya yi kyau ne saboda maganin. In likita ya ce a koma allurar insulin, ba alamar ajali ba ce, mai nau'i na 1 ma da ita yake rayuwa, galibi tun yarinta. A ajiye ta a firji, ban da wajen ƙanƙara, in ta daskare ta lalace. Ran da babu wuta, a ɗaure ta a leda a sa kusa da randa. Kwalbar da aka buɗe yawanci ba ta wuce kwana 28.

Mai shan glibenclamide, wata ƙwayar rage suga, ko mai allura dole ya san alamun faɗuwar suga: karkarwa, zufa, bugun zuciya, yunwa mai zafi, awo ƙasa da 70. Nan take a sha cokali babba na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a jira minti 15 a sake awo. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a nufi asibiti.

Abinci kuwa, mutumin Jos ya yi sa'a, kabeji, latas, koren wake da alayyafo suna nan jibge a kasuwar Farin Gada. Ganye ya cinye rabin faranti, kwata wake ko kifi ko nama, kwata tuwo. Ana yawan cewa acca abincin masu suga ce. Tana da kyau, musamman gwatenta da ganye ya yi yawa, amma hatsi ce, malmala uku na tuwon acca za su ɗaga suga. Dankalin turawa ma yana saurin ɗaga shi, ga shi da arha a nan. Zuma, maltina, kunun zaƙi da shayin mai shayi da aka zuba wa madara mai zaƙi, duk sukari ne. A haɗa da tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako.

Ƙafa ita ce na fi so a tsaya a kai, saboda sanyin garin nan. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya daina jin zafi. Daga Disamba zuwa Janairu sai dattijo ya miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi, ko ya tsoma ta a ruwan alwala mai zafi, fata ta sale bai sani ba, sai da safe a ga bororo. A gwada ruwan da gwiwar hannu. A sa safa mai laushi maimakon jin wuta. Hunturu yana kawo kaushi da faso, don haka a shafa mai a diddige kullum, amma ban da tsakanin yatsu, nan busarwa yake so bayan kowace alwala. Kada a kankare kaushi da reza. A zazzage takalmi kafin a sa, ko tsakuwa ta shiga. Wanda idonsa ya yi rauni, ɗansa ya durƙusa kowane dare ya ce, "Baba, kawo ƙafar in duba," ya leƙa tafin da tsakanin yatsu da tocila. Ƙaramin rauni da ya yi ja ko yake fitar da ruwa, a kai asibiti a ranar, kada a tsaya ɗaure shi da tsumma.

Sau ɗaya a shekara a duba ido da ƙoda, ko da ba a jin komai, hawan jini kuwa a auna shi duk zuwa asibiti.

Mai niyyar azumin Ramadan ya ga likita wata ɗaya ko biyu kafin watan ya kama, da littafinsa a hannu, domin a sauya lokacin magani da yawansa. Ya jinkirta sahur, ya ci gaba da awo da rana, kuma in ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ya karya azumin nan take.