Kurakuran da muke yi in an ce jininmu ya yi ƙasa

Da an ce wa mace a wajen awo jininki ya yi ƙasa, kafin ma ta cire hijabi an aiki yaro shago ya sayo Maltina da madarar gwangwani, wasu har tumatirin leda suke matsawa a ciki. 'Yan uwa wallahi wannan haɗin ba ya ƙara jini, sugan da ke cikinsa ne ke ba ki ɗan ƙarfi, ita madarar ma kalsiyam ɗinta rage shigar ayon (sinadarin ƙarfe) jiki yake yi. Zoɓo kuma jar kalarsa ce ke ruɗar mu. Jiki da sinadarin ayon yake haɗa jini, shi kuwa yana cikin jan nama, hanta, kifi, wake, zogale da alayyafo. Mai ciki dai ta ci hanta kaɗan kaɗan don bitamin A ɗinta ya yi yawa.

Wanda ya fi damuna shi ne shayi. Za ki ga an ci ƙosai ko alale da safe an kora da shayi mai kauri, alhali ganyen shayi yana da wani sinadari tanin da ke riƙe ayon ɗin wake da ganye ya hana hanji tsotse shi, kin ga an ci abin kirki amma rabin amfanin ya bi ruwa. Ban ce ki daina shayi ba, ki ba da tazarar awa 1 ko 2 bayan cin abinci. Ki matsa lemun tsami a kwaɗon zogalenki, ko ki bi abincin da gwaiba ko lemun zaƙi, bitamin C shi ke taimakon ayon ya shiga jiki.

Sai kanwa, muna zabga ta don wake ya yi saurin nuna, ganye ya yi kore shar, ita kuma kashe bitamin C take yi. Ki jiƙa waken tun dare ki zubar da ruwan, ganye kuma a ƙarshe ake sa shi.

Ƙwayoyin da ake bayarwa a wajen awo, ayon da folik asid, mata da yawa ajiyewa suke yi wai bayan gida ya koma baƙi ko wai jariri zai yi ƙato a sha wuyar haihuwa. Baƙin nan ayon ne, ba ciwo ba ne. In tashin zuciya yake sa ki, sha da daddare bayan kin ɗan ci wani abu.

Wani lokacin ma ba abincin ba ne, maleriya ce ko tsutsar ciki ko yawan zubar jinin al'ada ke kwashe abin da kike tarawa, don haka a je a auna PCV, wato gwajin yawan jini, a nemo dalili, a riƙa kwana cikin gidan sauro. Mai sikila kuwa don Allah kar a ba shi maganin ƙarin jini mai ayon sai likita ya ce, ƙarancin jininsa daban ne, ayon ɗin taruwa zai iya yi a jikinsa ya cutar da shi.