Kafin ka ce "ai tsufa ne", ga yadda za ka duba mantuwar dattijo

Eh ƙwaƙwalwa tana tsufa kamar yadda ido da gwiwa suke yi. Tana ɗan motsewa da shekaru, musamman ta wajen goshi da wani ɗan yanki da ake kira hifokamfus wanda shi ke ajiye sabbin abubuwa, saƙo ma a hankali yake tafiya a jijiyoyi. Shi ya sa Baba zai ba ka labarin shekara 50 baya har da kalar rigar da ya saka, amma sunan baƙon jiya ya ɓace masa. Kalmomi da sanin duniya kuwa ba sa saurin ɓacewa.

To fara da lura da irin mantuwar. Manta inda aka ajiye makulli ba wani abu bane, ni ma ina yi. Amma in ya riƙe makullin yana juyawa bai san me ake yi da shi ba, ko ya ɓata a hanyar da ya shekara yana bi, wannan kam sai likita.

A auna hawan jini da suga, kar a yi wasa da wannan. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce kawai na nauyin jiki amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa, to in ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita suka lalace ai dole tunani ya yi nauyi, kuma a ɓoye ɓarnar take yi shekara da shekaru ba ciwo ba komai.

Sai kunne, wanda mutane suka raina. Wanda baya ji sosai janyewa yake daga hira, ƙwaƙwalwar ta rasa abin yi. A rahoton kwamitin mujallar likitanci ta Lancet na 2024 rashin ji yana cikin abubuwa 14 da in aka magance su za a iya kare ko jinkirta kusan kashi 45 na cutar mantuwa.

Ka tattara duk magungunan da yake sha ka kai wa likita, maganin barci na rikita tsofaffi sosai. A duba ƙarancin bitamin B12 da matsalar tayirod (wata 'yar gaɓa a wuya mai sarrafa kuzarin jiki) da ciwon damuwa, duk suna da magani. Tafiya a ƙafa kuma minti 150 a sati, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

In kuwa rikicewar farat ɗaya ta zo, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, a wuce asibiti nan take, zai iya zama shanyewar ɓarin jiki.