Kurakuran da masu tara tsoffin tangaran na Ingila suka fi yi

Akwai mata da miji da sukan shafe shekaru suna zaga kasuwannin gwanjo tare, suna tara tsoffin farantai da butocin shayi na kamfanonin tangaran irin su Wedgwood, Spode ko Worcester. Sha'awa ce mai daɗi, amma tana cin kuɗi, kuma yawancin asarar daga gindin faranti take farawa, inda tambarin kamfani yake.

Mutum zai kifa faranti ya ga 1759, sai murna ta kama shi, wai ya yi tsintuwa. Ina! Shekarar da Josiah Wedgwood ya kafa masana'antarsa ke nan, kuma a sababbin kaya ake buga ta. Haka 1816 da ke ƙarƙashin farantan Blue Italian na Spode: shekarar da zanen ya fito ce, har gobe ana yin sa. Abin dubawa shi ne kalmar "England". Wata dokar haraji da Amurka ta yi a 1890 ta tilasta rubuta ƙasar da kaya suka fito, don haka wanda ke ɗauke da ita galibi daga 1891 ne zuwa sama. "Made in England" kuwa ƙarni na 20 ne, komai rantsuwar mai sayarwa. Alamar rajistar zane mai siffar daimon daga 1842 zuwa 1883 aka yi amfani da ita, daga 1884 aka koma "Rd No" da lamba. Sai dai fa rashin "England" ba ya nufin tsufa, don mai jabu ma ya san wannan karatun.

A lura da harafi ɗaya tak: in ka ga "Wedgewood" da ƙarin e a tsakiya, ba na Josiah ba ne. "Wedgwood & Co" ma wani kamfani ne daban a Tunstall. Alamar angar jirgin ruwa ta zinariya ta tsohuwar masana'antar tangaran ta Chelsea kuwa ta sha kwaikwayo, har da masana'antar Samson ta Faris. Ta asalin 'yar mitsitsiya ce, sai ka nema. Wadda ta fito ɓaro-ɓaro abar zargi ce.

A ganina babban kuskuren shi ne a bar tambari ya yi hukunci shi kaɗai. Ɗauki karnukan tangaran nan na yankin Staffordshire da ake jerawa bibbiyu. Tsoffin suna da ɗan nauyi, da ƙaramin hujin iska. Na baya-bayan nan sakayau suke, da ƙaton rami a gindi, an jiƙa tsage-tsagen jikinsu da ruwan shayi don su yi kamar sun kwana biyu. Hannu ne ke koyon wannan, shi ya sa ya kamata a riƙa taɓa na gaske a ɗakunan gwanjo, a kuma ƙare wa na gidan tarihi na V&A a Landan kallo.

Gyara ma yana ɓuya. Ƙyanƙyasa bakin kofi da farce: lafiyayye zai yi ƙara tsaf, mai tsaga zai yi dum. 'Yar tocila mai hasken UV tana tona inda aka liƙe aka shafa fenti.

In kaya sun iso gida, kada a kusance su da bilic, yana shiga ƙarƙashin ƙyallin ya ɓata shi daga baya. Injin wanke-wanke yana cinye ruwan zinariya. Ruwan ɗumi da sabulu kaɗan sun isa, a shimfiɗa tawul a cikin roba, kuma ba a ɗaga buta ta mariƙinta.

Sai rigimar cikin gida. Maigida ya sayo a ɓoye, uwargida ma ta rama, kabad ya cika da tarkace. Ku tsayar da abu guda, ko masana'anta ɗaya ko zamani ɗaya, ku yanke kuɗin da ba a wuce shi sai da shawara. Ku buɗe littafi: inda aka saya, nawa, wane lahani, da hoton gindin. Ranar da 'ya'ya za su raba gado, littafin nan ne zai hana a sayar da Worcester a kuɗin faɗi-ka-mutun kasuwa.