Rezar Da Ta Dace Da Sabon Shiga Aski

Ranar da na sayi mariƙin reza na ƙarfe, irin wanda ake kwance kansa a saka reza mai baki biyu, sai na haɗa da rezar Feather ta Japan don na ji an ce babu mai kaifinta. Ban gama kunci ɗaya ba jini ya tsatso wuri uku. Ba laifinta ba ne. Hannuna ya saba danna rezar roba, ita kuwa wannan ko kaɗan ba ta yafe dannawa.

Tsoro ya sa na koma Derby ta Turkiyya, mai sanyin kaifi. Can ma ban sha ba. Gashin gemuna mai kauri ne, ga murɗewa, sai ta riƙa fizgarsa maimakon ta yanke. Na yi ta maimaita wuri ɗaya, bayan kwana biyu wuyana ya feso da ƙuraje. Masu cewa sabon shiga ya nemi mafi sanyin reza, da alama ba irin gashinmu gare su ba.

Shawarata ka fara daga tsakiya. Astra mai koren kwali ko Gillette Silver Blue suna yanka ba tare da fizga ba, kuma suna yi wa hannun ɗan koyo uzuri. Idan gashinka mai laushi ne ko bai cika ba, Derby ko Shark ta Masar za su ishe ka.

Kada ka yi saurin sayen kwali mai guda 100. Sayi ƙaramin fakiti mai guda 5, iri uku, ka yi aski uku da kowace. A tsakanin nan kada ka canza sabulu ko mariƙi, in ba haka ba ba za ka gane mai laifi ba. Ka jiƙa gemun da ruwan ɗumi kamar minti 3 tukuna, domin busasshen gashi kan sa reza mai kyau ta zama kamar dakusasshiya. Karkata mariƙin kimanin digiri 30, ka bi kwanciyar gashi, ka bar nauyin ƙarfen ya yi aikin.

Daga nan fatarka za ta ba ka labari. Fizga na nufin ka koma reza mai ƙarin kaifi. Idan kuwa tana wucewa sumul amma ana samun yanka da raɗaɗi, hannunka ne, sassauta shi kafin ka zargi reza.

Ni aski huɗu nake yi na canza. Tsoffin kuwa ina zura su a gwangwanin madara da na tsaga wa baki, saboda yaran gida. Feather ɗin nan na sake ɗauko ta bayan wata shida, yanzu muna zaman lafiya, sai dai ba na kusantar ta da safen da nake sauri.