Kurakuran da ke kashe zaman tatsuniya da fasaha na matan unguwa

A garuruwa irin su Kaduna, Jos da Maiduguri, inda Bahaushiya ke maƙwabtaka da Bafulatana, Babarbariya, Banufiya da Bayarabiya, ƙungiyoyi kan buɗe zaman tatsuniya da aikin hannu domin mata su saba da juna. Ranar buɗewa ɗaki ya cika maƙil, a sha lemo, a ɗauki hoto. Kafin wata ya zagayo sai kujeru da mai shiryawa. Nan da nan a ce matan ne ba su da himma. A ganina yawanci laifin yana wurin mu masu shiryawa, domin mukan zo musu a matsayin malamai, alhali su ne masu abin.

Daga wuri da lokaci ake fara ɓata rawar. A kama ɗakin taro a otal, a sa ƙarfe goma na safe, a jera kujeru kamar aji, a miƙa wa tsohuwa makirufo a ce, "Iya, ba mu tatsuniya." Ina za ta fito? Tun muna yara ake hana mu tatsuniya da rana, kuma ba a yin ta sai a kan tabarma, jiki na gugar jiki. Ki nemi tsakar gidan wata dattijuwa da unguwa ke girmamawa, ki je ki gaida mai unguwa tun kafin a fara, don magidanta su san inda matansu ke zuwa. Ranar zama kuwa ki bar matan su zaɓa da kansu. Su suka san Juma'a da Lahadi, ranar kasuwa, lokacin ɗora tuwo da watan azumi. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan karkara su taru a ƙofarta kullum ba. Jajojinta, wato matan da ta horar don su jagoranci ƙungiyar karatun mata ta 'Yan Taru, su ne ke kai musu waƙoƙin karatu har garuruwansu.

Kuskuren da ya fi ɓoyewa shi ne na harshe, don kamar alheri yake. Tunda kowa na jin Hausa, sai a ce a yi komai da Hausa. To, wadda aka goya da Hausar za ta yi ta zuba, da karin magana da habaici, ita kuwa wadda ta koye ta a kasuwa sai ta yi gum, tana tsoron a yi wa bakinta dariya. Mako biyu, zaman ya koma na Hausawa da 'yan kallo. Gyaran shi ne kowace mace ta buɗe labarinta da harshen da kakarta ta ba ta shi. Mu muna cewa "Ga ta nan, ga ta nanku," a amsa "Ta zo mu ji ta." Bayarabiya tana da "Alo o" tata, ki sa duka ɗaki su koyi amsa mata. In ta gama, wata maƙwabciyarta ta juya gundarin labarin da Hausa, amma waƙar da ke cikin tatsuniyar a bar ta yadda take, a rera ta tare ko ba a san ma'anarta ba. A nan ne daɗin yake fitowa, lokacin da aka gane cewa wayon da muke jingina wa Gizo, Yarabawa da Ibo kunkuru suke jingina wa, su kuma Asante na Kumasi gizon nasu Ananse ne. Na ga matan da ba su taɓa wuce gaisuwa ba suna musu a kan wane ne ya fi iya damfara.

Sai gaggawar tono ciwo. A wuraren da rikici ya shafa, mai shiryawa kan so labarin gudun hijira tun zaman farko, saboda shi ne zai yi kyau a rahoton masu ba da tallafi. Mace ta faɗi yadda ta rasa mijinta, ta yi kuka, a tafa mata, kowa ya watse, ita ta koma gida da mikin da aka fama. Wataƙila ma wadda ke kusa da ita daga ɗaya ɓangaren rikicin take. Ki fara da abin da ba ya ƙuna: waƙar raino, waƙar daka, yadda ake kai amarya a garinsu, miyar da uwarta ta fi iyawa. Labarin baƙin ciki zai zo da ƙafarsa in an saba, kuma in ya zo kada a tafa, kada a ɗauka a waya.

Waya ma abin magana ce. Ɗaukar hoto ko bidiyo a sa a Facebook ko WhatsApp ba da sanin mace ba yana iya jawo mata fitina da miji ko dangi. Ki nemi izini da baki, da harshen da take ji, kowane zama. Takardar Turanci da aka sa ta dangwala wa yatsa ba izini ba ce.

A ɓangaren aikin hannu kuwa, kusan kowa sabulun ruwa da man shafawa yake koyarwa, kamar babu wata fasaha a ɗakin. Alhali ga mai saƙa faifai da tabarma, ga mai zanen ƙwarya, ga mai ɗinkin hula, ga gwanar lalle da kitso. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, a wurin 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukunya irin na Gbagyi, tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Kafin ki ɗauko malama daga waje, ki zagaya ki tambayi kowace mace abin da hannunta ya iya, sannan a riƙa karɓa-karɓa, yau wannan ta koyar, mako mai zuwa waccan.

Kuɗin mota: in da shi aka fara, ranar da ya yanke zaman ya mutu. Gara ƙaramin adashi da matan ke riƙe da kansu, a sayi zare da kaba da goro.

Akwai abu biyu da baƙuwar mai shiryawa kan ɗauka a juye. Takan ji Bafulatana da Babarbariya suna yi wa juna tsiya, ta tashi da sauri ta raba, ba ta san tsohon wasa ne a tsakaninsu ba, irin wanda ke tsakanin Fulani da Tibi. Ki bar su, shi ke kwance ɗaki. Abin da ya kamata ta yi hattara da shi kuma sai ta yi sakaci, wato addu'ar buɗewa da kiɗa. In Musulma ta buɗe yau, Kirista ta rufe, ko a yi ta juyawa. Kiɗan ƙwarya da shantu na mata ne tun kaka da kakanni, amma akwai gidajen da ba su yarda da shi ba. Ki tambaya tun farko, in akwai masu ƙi, a ajiye shi ƙarshen zama, bayan an ce "Ƙurunƙus," mai son tafiya ta ɗauki mayafinta ba tare da an bi ta da ido ba.